Rimot na Biyu

Abin da yarinyar nan ta roƙa bai taka kara ya karya ba. Wata 'yar jar mota ce ta roba da ta gani a tagar wani kanti a hanyarmu ta dawowa daga makaranta, mai rimot kamar akwatin ashana, madanni biyu, gaba da baya. So take ta tuƙa mota da hannunta, shi ke nan. Shekararta bakwai, kuma tun da ta fara tafiya take bin ubanta duk inda ya sa ƙafa, har sunan Jela ya bi ta ya danne na gaskiya. Da ya ɗauki makulli ya kaɗa, za ka ji ta tana rarrafe a ƙarƙashin kujera tana neman takalmi.

Uban nata, wato mijina, koyar da tuƙi yake yi. Kowa Malam yake ce masa, har da ni, don a motar koyon tasa muka haɗu ina ɗalibarsa. Mutum ne mai kirki, wannan ba na musu, amma idan ya riƙe abu sai dai ka gaji ka bar masa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne tun da ya fara wannan sana'a ba ɗalibin da ya taɓa ƙwarzane masa mota. Yana faɗin haka a gaban baƙi kamar wanda ya gina asibiti. Abin da ba ya faɗa shi ne a gefen da yake zama akwai birki na biyu a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ƙafar nan ba ta gyangyaɗi. Ni dai na karɓi lasisina, amma har yau ban san sau nawa ni na tsayar da motar nan ba, sau nawa shi. Yanzu ma idan ina tuƙa mu a tamu motar, wadda ba ta da komai a gefensa, ina jin yana dukan ƙasa da ƙafa duk sa'ad da muka doshi kwana. Kafet ɗin wajen har ya huje.

Ya je ya duba jar motar, ya juya cikinta sama a gaban mai kantin, ya ce wannan ai da gam aka liƙe ta, ko noti ɗaya babu, ranar da ta karye sai bola. Ya ce 'yarsa ba za ta fara tuƙi da tarkace ba. Na ce masa ai ba tuƙi za ta fara ba, wasa za ta yi. Ya dube ni kamar na ce a sha fetur.

Ba a jima ba sai ga shi ya hawo mana bene da wani kwali da ya kusa kai Jela tsawo, yana haki, baki har kunne. Ashe akwai wani shago can bayan tashar bas inda manyan mutane, wasu da furfurarsu, suke sayen irin waɗannan motoci suna tsere da su. Ba kayan wasan yara ba ne ko kusa. Motar da ke cikin kwalin shuɗiya ce, kowace taya ta fi tafin hannuna, tana da shokozoba na gaske mai shanye jijjiga, har da mai a ciki, kuma komai na jikinta ana iya kwance shi a ɗaura sabo. Wannan ne ya tafi da hankalin Malam. Ya ce mota ce ta har abada, jikokinmu ma za su gada.

Ni a kantin magani nake aiki, karanta jikin kwali shi ne rabin aikina. Kafin su gama yage leda na hango abin da aka rubuta da ja a kusurwa: daga shekara goma sha huɗu zuwa sama. Na ɗora yatsa a kai na nuna masa. Ya ce ai mai shagon ma ya faɗa, amma don 'ya'yan mutanen da ba su san mota ba aka rubuta wannan. Ya ce shi da ya koya wa tsohuwar da ba ta bambanta hagu da dama tuƙi, 'yar cikinsa ce za ta gagare shi? Na ce masa a wajen aikina ko uban yaro likita ne ba ma ba shi ƙwayar manya. Ya ce mota ba ƙwaya ba ce. Ita kuwa Jela ba ta ma san muna yi ba. Ta rungume rimot ɗin, wanda aka ƙera kamar bindiga, da kunama a ƙasa a madadin totur da 'yar taya a gefe a madadin sitiyari. Da ƙyar yatsanta yake kaiwa ga kunamar.

Ranar hutun ƙarshen mako muka tafi filin da yake koyar da ɗalibai. Kwalta ce a shimfiɗe a bayan wani tsohon sito, an zagaye ta da gajeren bangon siminti, a can ƙarshe kuma akwai wani ɗan tudu inda saiwar bishiya ta ɗago kwaltar. Malam ya ajiye motar, ya gyara murya, ya fara bayani cewa a hankali ake jan kunama. Bai kai ƙarshe ba Jela ta matse ta gaba ɗaya. Ban taɓa ganin ƙaramin abu ya yi gudu haka ba. Motar ta ɗaga tayoyin gaba, ta yi wata ƙara mai shiga haƙori, ta ratsa filin kafin in ƙifta ido, ta taka tudun nan ta tashi sama, ta juya a iska, ta daki bango. Tayar gaba ɗaya ta rataye tana lilo.

Jela ta fashe da dariya, har da riƙe ciki, har da zama a ƙasa.

"Umma, kin ga ta tashi?" ta ce. "Ni na tashe ta."

Malam kuwa ya ruga ya ɗauko motar da hannu biyu kamar an buge masa yaro. Wata 'yar baƙar roba ce ta karye, wadda take riƙe da tayar gaba, ya ce sunanta hannu. A hanyar gida ya rungume motar a cinya. Na san abin da yake cinsa. A filinsa, a gaban idonsa, ɗalibarsa ta buga mota, shi kuma ba shi da abin takawa.

Hannun babu shi a shago, sai da aka aiko da shi daga wani wuri. A wannan jiran ne motar ta cinye mini gida. Teburin cin abincinmu ya koma gareji. Robar ƙanƙarata ta firij ta zama ma'ajiyar notuna, kowane gida da irin nasa, kuma wanda ya taɓa ya shiga uku. Sabon buroshin haƙorin da na saya ya ɓace, na gan shi baƙi ƙirin a gefen sukundireba. Muna cin abinci faranti a cinya, muna kallon mota a kwance cikinta a buɗe a kan tawul ɗin da na ajiye don baƙi.

Ashe motar har abada aikin har abada ce. Duk fita, komai gajartarta, sai an dawo an kakkaɓe yashi, an goge, an ɗiga mai a kowace gaɓa, an ɗaure notunan da girgiza ta sassauta, an leƙa haƙoran giya ko tsakuwa ta shiga. Batirin kuwa ya fi jariri rigima. Ba a ajiye shi cike, ba a ajiye shi fanko, ba a yi masa caji sai a cikin wata jaka da ba ta cin wuta, kuma sai mutum ya zauna ya tsare shi, don an ce idan ya kumbura yana iya kamawa da wuta. A daɗe ana caji, a je fili, kafin ka gyara tsayuwa ya ƙare. A duk wannan hidima ba abin da aka yarda Jela ta taɓa. Batir haɗari ne, notuna ƙanana ne za ta zubar, giris zai ɓata mata kaya. Aikinta riƙe tocila. Takan tsaya a gefen teburin, haɓarta a kan katako, tana haska masa, idan hannunta ya gaji hasken ya kauce ya ce ta tsaya da kyau.

Mai shagon dai ya yi kamu. Duk zuwan Malam sai ya dawo da wani abu a leda, yau bamba mai kauri, gobe man shokozoba, jibi wani ɗan ƙarfe da ko shi sai ya duba kwali kafin ya tuna sunansa. Mutumin ya gaya masa wai da gangan ake yin hannun nan da roba, don shi ya karye ya ceci abin da ya fi shi muhimmanci, kuma duk mai irin motar nan karyawa yake yana canzawa, ba abin tayar da hankali ba ne. Malam ya kawo mini labarin yana tsaki. Ya ce mai sayar da hannu dole ya ce karya hannu ba komai ba ne.

Da motar ta gyaru, sai Malam ya buɗe wa Jela makarantar tuƙi. Ya juya wani maɓalli da ke rage wa motar gudu, bai gamsu ba, ya ɗaura guntun soso a bayan kunamar don kada ta matsu har ƙarshe. Ya jera robobin nan masu tsini da yake jera wa ɗalibansa su zagaya. Ya kafa dokoki. Ba a kusantar bango, ba a bi ta tudu, kuma direba ba ya waiwaye, idonsa na kan hanya. Sannan ya tsaya a bayanta ya ɗora hannuwansa a kan nata. Idan ya ga dama ya sake ta, da motar ta doshi wani abu ko daga nesa ne, sai ka ga ƙafarsa ta dama ta daki kwalta, hannunsa kuma ya zo ta saman kanta ya fizge rimot ɗin. Ya gyara hanya, ya miƙa mata, ta ɗan matsa gaba, ya sake fizgewa. Ni ina zaune a kan bango ina cika ina batsewa.

Tun tana cewa "Baba, bari mana" har ta daina. Daga baya ma da ta ga roba ta matso sai ta ɗaga rimot ɗin sama da kanta, ta miƙa masa ta saman kai tun bai nema ba. Malam ya ce wannan alamar ɗaliba mai hankali ce. Ni kuwa na ga wata alamar. Ranar hutu ya kaɗa makulli, yarinyar da takan riga shi bakin ƙofa sai ga ta tana jan ƙafa, takalmi ɗaya ya ɓata, sai ta sha ruwa, cikinta ma kamar yana ciwo.

Na tare shi a kicin na wanke shi tas. Na ce ya bar yarinya ta karya abinta. An ce don karyewa aka yi hannun, to ya sayo su da yawa ya tara, ta karya ya ɗaura, ai ɗaurin ma yana so. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba hannun ne ya dame shi ba, dariyar ce. Ya ce kullum yana kan titi, ya ga abin da ya gani, ya taɓa tsayawa ya taya fitar da mutane daga motar da ta naɗe. Yaron da ya tashi yana ganin karo abin dariya ne, wata rana da mota ta gaske zai yi dariyar. Na ce wannan motar ko kyanwa ba za ta kashe ba. Ya ce hali ba ruwansa da girman mota.

Amma ya yarda fizgewar kuskure ce, kuma nan ne na yi zaton na ci nasara. Ya ce shi a motar koyo ba ya ƙwace wa ɗalibi sitiyari, ta ƙasa yake takawa, ɗalibi ma bai sani ba, ya sauka yana jin daɗin kansa. Matsalar wannan motar ita ce ba ta da gefen malami. Washegari ya tafi shago neman abin da zai ba shi birki na biyu. Aka ce masa motar rimot ɗaya kawai take ji, idan an haɗa ta da sabo ta manta tsohon. Da wani mai hankali ne, da sai ya dawo gida. Malam sai ya sayo sabon.

Da yamma, Jela tana wanka, ya nuna mini. Ya haɗa motar da sabon rimot. Tsohon yana nan yadda yake, idan an kunna koriyar fitilarsa tana kamawa, sai dai motar ba ta san da zamansa ba. Ita zai ba tsohon, shi ya tsaya a bayanta da sabon, ya yafa kwat a hannu ya rufe. Tunda direba ba ya waiwaye, ba za ta gani ba.

"Hannunta kawai zan bi," ya ce. "Abin da ta yi shi zan yi, sai inda za ta yi kuskure."

"Wannan ba birki na biyu ba ne, Malam. Kai ne direba, ita ko fasinja ba ta kai ba."

Ya ce na ɗan lokaci ne, da hannunta ya faɗa zai mayar mata ba tare da ta sani ba. Na tambaye shi ta yaya hannu zai faɗa a kan abin da ba ya aiki. Na ce idan bai bari ba ni zan gaya mata. Ya ce in bari in ga fita ɗaya tukuna, idan ban ga alheri ba in faɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dabarar ta yi aiki. Mutumin nan ya shekara da shekaru yana karanta hannun ɗalibai, kafin yatsa ya motsa ya san inda zai nufa. Jela ta murɗa hagu, mota ta yi hagu. Ta ja kunama, mota ta ƙara wuta daidai gwargwado. Ta zagaye robobin nan tsaf ba ta taɓa ko ɗaya ba, kuma ba hannun da ya zo ta saman kanta. Ta yi tsalle ta dire, ta ce in duba in gani, Baba ya sake ta. A mota tana ta surutu har muka iso. Ta kira kakarta a waya ta ba ta labari tun daga farko, ta sake daga farko. Ta zana kanta a takarda riƙe da rimot, ta liƙa a ƙofar firij. Ciwon cikin ranar hutu ya warke, takalmi ya daina ɓata.

Bakina ya yi nauyi. Duk sa'ad da na buɗe shi sai in ga fuskarta in mayar in rufe, in je in sauke haushin a kan Malam. Shi kuma amsarsa ɗaya, mako mai zuwa. Hannunta ya kusa, saura kaɗan, har yanzu tana saurin murɗawa. Motar kuwa ko ƙwarzane babu, tana ta ƙyalli a kan teburina, sababbin hannuwan da ya sayo don ko-ta-kwana suna cikin ledarsu ba a ko buɗe ba. Yana goge ta yana cewa ka ga mota mai ƙarko. Na ce masa abin da ba a bari ya faɗi ba, ba a san ƙarkonsa ba. Ya ci gaba da gogewa kamar da bango nake magana.

Wata ranar hutu aka kwana ana ruwa, muka tarar ya taru a gindin tudun nan na ƙarshen fili. Ina durƙushe ina ɗaure mata igiyar takalmi, Malam yana can yana jera robobi, sai ta sunkuyo ta raɗa mini a kunne cewa yau za ta sake tashinta sama. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini guntun soson, ta cire shi tun a gida. Ta ce yanzu ai ta iya, za ta tashe ta ta sauke ta ba tare da ta daki bango ba, Baba zai sha mamaki, kada in gaya masa. Na dubi Malam can nesa da kwat a hannu. Na ƙarasa ɗaurin takalmin na koma kan bango na zauna.

Ta yi zagayen farko yadda aka saba. A na biyu, da motar ta miƙe, sai ta murɗa sitiyarin wajen tudun ta matse kunama har ƙarshe, ta cije leɓe. Motar ta rage gudu, ta karkata a natse, ta bi bayan roba ta wuce. Jela ta dubi rimot ɗin. Ta sake gwadawa da ƙarfi, har da karkatar da jikinta duka. Motar ta sake kauce wa tudun kamar mai tsoron ɓata takalmi. Ta jijjiga rimot ɗin, ta juya shi, koriyar fitila tana nan tana ci.

Sai na ga ta zare yatsanta daga kunamar.

Malam bai gani ba. Motar tana kusa da ruwan, idonsa na can yana ceton ta, wannan karon ya manta da hannun da ya ce zai bi. Motar ta ci gaba da tafiya. Jela ta sunkuya a hankali ta ajiye rimot ɗin a kan kwalta, ta miƙe ta harɗe hannuwa a ƙirji. Motar ta zagaye robobin ɗaya bayan ɗaya, ta dawo, ta yi ribas, ta shige tsakanin roba biyu ta tsaya cak, tayoyinta a miƙe.

"Madalla," in ji Malam. "Kin ga fakin ko?"

Sannan ya sauke ido ya ga abin da ke ƙasa. Ita ba ta waiwaya ba, ta riƙe dokar har ƙarshe.

"Ka iya, Baba," ta ce.

Ta taka ta tafi wajen motarmu ta tsaya a jikin ƙofar baya tana jiran a buɗe. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Da muka isa gida Malam bai ko cire takalmi ba ya zauna ya mayar da motar kan tsohon rimot. Ya juya maɓallin gudu ya sake shi duka. Ya kai mata har ɗaki ya ce ga shi, yanzu nata ne da gaske, ta hau tudun idan tana so, ta daki bango ma, akwai hannuwa. Ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode, ta fito ta ajiye a kan tebur, ta ce tana da aikin makaranta. Zanen da ke ƙofar firij ban san lokacin da ta cire shi ba, sai gurbin salatif na gani.

Ni ban ce masa ai na faɗa ba. Na so in faɗa, amma na ga mutumin ya zauna a gaban motarsa ya rasa abin da zai ɗaure, don ba abin da ya kwance.

A tsakiyar mako sai ga shi da jar motar nan ta tagar kanti, wadda aka liƙe da gam. Ya ajiye ta a tsakar falo ya miƙa mata ɗan rimot ɗin. Ta danna, motar ta yi gaba tana ƙiƙi-ƙiƙi. Maimakon ta bi ta da ido sai ta juyo ta dubi hannuwansa. Ya buɗe su, ya juya mata ciki da baya. Sai ta dubi nawa. Ina riƙe da tsumman goge kwano, na tsinci kaina ina warware shi don ta ga ba komai a ciki. Ta sake dannawa sau ɗaya, ta ce tana da kyau, ta mayar da ita kwali ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar hutu ta zagayo. Malam ya tsare batir ya cika, ya ɗauki shuɗiyar motar a hammata, ya zuba ledar sababbin hannuwa a aljihu yadda za ta gani, ya tsaya a bakin ƙofa ya kaɗa makulli. Jela tana zaune a teburin tana tona robar ƙanƙarata da yatsa, abin da a da ko kusa ba a yarda ta yi ba, yau kuwa ba wanda ya hana ta. A gidan robar na ƙarshe ta samo abin da take nema, karyayyen hannun nan na ranar farko, wanda Malam ya ajiye don ya nuna a shago. Ta juya shi a tafin hannunta.

"Umma, ranar da ta tashi sama ta daki bango, ni ce ko shi ne?"

"Ke ce."

"Ba komai a hannunsa?"

"Ba komai. Lokacin rimot ɗaya ne a gidan nan. Ina wajen, da idona na gani."

Ta daɗe tana kallona, tana auna ko idon nawa abin yarda ne. Sannan ta buɗe jakar fensirinta ta sa guntun robar a ciki, ta ja zif, ta jawo littafinta.

Malam yana nan tsaye da motar a hammata. Ya sake kaɗa makullin, a hankali wannan karon. Ba wanda ya tashi neman takalmi.